Shagon kayan kamun kifi na bakin kogin Trent a Ingila, da abin da na gani a cikinsa tun 2022

Ranar da na fara shiga shagon nan, cikin watan Mayun 2022, ban fito da komai ba sai 'yar guntuwar takarda da mai shagon ya rubuta mini kwanan wata a kai: 16 ga Yuni. Da kuɗina na je. Niyyata in sayi sandar fatsa in zarce bakin ruwa, don na yi mako guda ina aikin dare a asibiti, ba abin da raina ke so irin in zauna in shaƙi iskar kogi. Mai shagon, wani dattijo, ya tambaye ni inda zan jefa. Na ce Trent. Ya ce, "Ai kogi a rufe yake, agwagwata."

Abu biyu suka ɗaure mini kai lokaci guda, rufe kogin da kuma agwagwar. Daga baya na gane haka mutanen yankin Nottingham ke kiran wanda suke yi wa fara'a, namiji ko mace, yaro ko babba. Rufe kogi kuwa doka ce. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ba a kama kifaye irin su barbal da birim a kogunan Ingila, saboda lokacin ne suke zuba ƙwai. Ni ɗan Yawuri ne, na tashi ina ganin Sarkin Ruwa yana hana su a wani gurbi har sai lokacinsa ya yi, kuma kowa ya san ba a taɓa Matan Fada ta Argungu sai ranar biki. Da na natsu sai abin bai zame mini baƙo ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya ga ciniki ya kawo kansa har gabansa, ya ce je ka ka dawo bayan wata guda.

Shagon yana wani ɗan gari ne tsakanin Nottingham da Newark. Ba zan faɗi sunansa ba, domin zan faɗi laifinsa ma, kuma mai shi mutum ne da ba ya son a yi ta yawo da sunansa. Ɗaki ne dogo mai ƙunci, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace. Sandunan fatsa na jere a bango har rufi, ƙugiyoyi da zaren lilo suna bayan kanta, a can ƙurya kuma akwai firji biyu na tsutsa. Warin da ke tarbar mutum a ƙofa na garin kifi ne da dusar katako. Matata takan tsaya a mota. Ni kuwa yana tuna mini da kasuwar kifi ta gida.

Kafin ranar da ya rubuta ta zo, ya sa na yi lasisi. Duk wanda ya kai shekara 13 dole ne ya mallaki lasisin Hukumar Kula da Muhalli kafin ya jefa fatsa, kuma tarar wanda aka kama ba shi da shi tana iya kaiwa fam 2,500. A intanet ake yi, a lokacin na shekara guda na sanda biyu bai kai fam 40 ba. Ya ƙara fahimtar da ni abin da baƙo ke yawan kuskurewa: lasisi daban, izinin wuri daban. Kusan kowace gaɓa ta kogin tana hannun wata ƙungiyar masunta ko mai gona, sai ka zama ɗan ƙungiya ko ka yanki tikitin yini. Shi yana sayar da tikitin gaɓa biyu, kuma ya zana mini taswira da biro a bayan rasit, ya nuna inda ake ajiye mota, da ƙofar gonar da dole a rufe saboda shanu.

Sai maganar sanda. Na riga na ga wata a intanet ta kusan fam 200, na nuna masa a waya. Tana nan a bangonsa, ya sauko da ita ya ba ni na riƙe. Sannan ya sauko da wata ta fam 70, mai tsawon ƙafa 12, ya ce in daga hannu kamar ina jan kifi, shi kuma ya riƙe bakinta ya durƙusa yana ja ƙasa. Ya ce in lura da inda take lanƙwasawa. Tun daga baki har kusa da hannuna ta rusuna kamar baka. Ya ce wannan ita ce ta barbal, don kifi ne da in ya ga koma yakan yi wani kukan kura na ƙarshe, kuma sanda mai tauri a nan take yage ƙugiya daga bakinsa. Mai tsadar ba ta da aibu, in ji shi, amma hannuna bai kai inda zai bambance su ba tukuna. Ita na saya, har yau ita ce a hannuna. Keken naɗe zare kuwa bai yarda na yi arha a kansa ba. Ya ba ni Shimano mai ɗan maɓalli a baya, wanda in ka buɗe shi zare ke tafiya da kansa idan kifi ya fizga. Ban fahimci amfanin maɓallin ba sai da na ga sandar wani maƙwabcina a gaɓa ta tashi daga kan marikinta ta faɗa ruwa, shi yana zuba shayi.

Bari in faɗi abin da barbal yake, don babu shi a ruwanmu da wannan kamar. Dogo ne, mulmulalle, launin tagulla, cikinsa a shafe don kwanciya a ƙasan ruwa mai gudu, bakinsa a ƙasa da leɓe mai kauri, da gashin baki guda huɗu da yake laluben abinci cikin tsakuwa. Wanda ya san farin dumi zai ga dangantaka a baki da ɓawo, wanda ya san ragon ruwa zai gan ta a gashin. Asalinsa na kogunan da ke kwarara gabas ne, irin su Trent da Thames. Kogin Severn da ya yi suna da shi yanzu, sai a 1956 aka kai masa shi daga kogin Kennet. Wanda ya kai laba 10, wato kilo huɗu da rabi, shi ne burin kowane mai fatsa, kuma Trent na cikin kogunan da aka fi samun irinsa. Birim kuma kishiyarsa ne a komai. Faffaɗa ne kamar faifai, in ka ga faliya ka ga ƙirarsa, yana yawo garke-garke a ruwa mai zurfi marar gaggawa, jikinsa duk yauƙi.

Inda na san na sami shagon zuwa shi ne wajen koto. Dattijon ya ɗauko wani gwangwani ya ce tun yana yaro ba abin da barbal ke so kamar wannan naman, a yanka shi gutsure-gutsure a soka a ƙugiya. Na juya gwangwanin na karanta, naman alade ne. Na ce, "Baba, wannan kam ba zan taɓa shi ba, ni Musulmi ne." Bai yi mini wani dogon kallo ba, bai ce ai kifi ne zai ci ba kai ba, kamar yadda wani abokin aikina ya ce daga baya. Ya mayar da gwangwanin, ya zagayo daga bayan kanta, muka bi kantocin buhu-buhu yana sa tabarau yana karanta mini abin da aka haɗa kowanne da shi. Wanda bai tabbata ba ya ce kar in ɗauka. Muka tsaya a kan ƙwayoyin garin kifi masu mai, irin waɗanda asali don kiwon kifin teku aka yi su, masu girman milimita 8 da 14, da masarar gwangwani, da tsutsa, da tana. Bayan mako biyu da na koma, na tarar ya ware mini wasu buhuna a gefe, ya ce ya buga wa mai kawo masa kaya waya ya tambaya. Ban roƙe shi ba.

Akwai kuma wani koto da ya sa na ja da baya: dafaffun 'ya'yan wiwi. Baƙaƙe ne ƙanana, an dafa su har sun tsage farin tsiro ya leƙo. A nan halal ne a dokarsu a sayar da su don kifi, ba sa bugarwa, kuma masunta sun ce kifin yana ɗaukarsu ne kamar ƙananan dodon koɗi na ƙasan kogi. Ba a cika sa su a ƙugiya don barbal ba, zuba su ake a ruwa su tara kifi su riƙe shi yana tono. Yadda ake kai su ƙasa shi ne da wani ɗan keji mai nauyi da ake ɗaurawa sama da ƙugiya, a cika shi da 'ya'yan da ƙwayoyi, a toshe bakinsa da jiƙaƙƙen gari. In ya sauka ƙasa ruwa ya wanke garin, abincin ya bi gudun ruwa ya wuce ta kan ƙugiyarka. A gaɓar da nake zuwa keji mai giram 60 zuwa 90 ya isa. Ƙasa da madatsar Cromwell, inda ruwan teku ke turo kogin ya hau ya sauka sau biyu a yini, sai ka ƙara nauyi sosai, in ba haka ba ruwa ya tafi da shi. Ya kuma gaya mini cewa tun 1987 aka hana amfani da ƙananan darma a fatsa, daga ɗan mitsitsi har zuwa giram 28, saboda manyan fararen agwagin ruwan nan masu dogon wuya suna haɗiye su suna mutuwa. Duk ƙananan nauyin da ke shagonsa na wani ƙarfe ne daban.

Sai a fita ta huɗu na kama barbal ɗina na farko, a farkon Yuli. A wannan lokacin rana ba ta faɗuwa a Nottingham sai wajen tara da rabi na dare, kuma dattijon ya ce kar in ɓata ƙarfina da tsakar rana, in je bayan la'asar in jira duhu ya fara sauka. Na yi ta cika keji ina jefawa wuri ɗaya, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, har sau goma sha wani abu. Na shimfiɗa darduma a kan ciyawa na yi magariba, na sallame ke nan ina addu'a sai na ji keken yana kuka. Bakin sandar ya rusuna har yana neman taɓa ruwa. Da na ɗaga, ban ji kamar kifi ba, sai kamar na ɗaure zaren a jikin ɗan maraƙi. Bai yi sama ba, bai yi tsalle ba, ƙasa kawai yake bi yana haurawa gaba da ruwa. Sau uku ina kawo shi bakin koma yana juyawa. A na ukun na ga sandar nan ta fam 70 ta lanƙwashe har hannu kamar yadda ta yi a shago, ƙugiya kuma ba ta fita ba. Laba 8 da 'yan kai ya yi a sikeli.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da na saya a shagon nan, ko da yake ba a rubuta shi a rasit ba. Tun ranar da na sayi sanda dattijon ya ce ba zai sayar mini da ita ba sai da babbar koma mai laushin raga da katifar kwantar da kifi. A raina na ce ga inda zai fanshe rangwamen da ya yi mini. Ashe ba haka ba ne. Ya tsayar da ni ya yi mini bayani da hannu da ƙafa. Barbal yana faɗa ne har ƙarfinsa ya ƙare tas, kuma ruwan bazara mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. In ka cire ƙugiya ka jefa shi nan take, zai yi kamar ya tafi, sai can ƙasa ya juya ciki sama ruwa ya tafi da gawarsa. Don haka in ya shiga koma, kar ka ɗago shi, bar shi a ruwa ya huta minti biyar ko fiye. Sannan katifa a jiƙe, hannu a jiƙe, a cire ƙugiya da sauri, in za a yi hoto a durƙushe. Sannan a mayar da shi ruwa a riƙe, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, har sai shi da kansa ya ƙwace. Kuma ba a tsare shi a doguwar ragar ajiya, don ƙayar bayansa mai haƙora ce kamar zarto, tana maƙalewa.

Haka na yi. Na shiga ruwa har gwiwa da takalmina, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya a gindin wutsiya. Da farko yana karkacewa duk lokacin da na sassauta. Ina jin kumatunsa suna buɗewa suna rufewa a kan yatsuna, a hankali, a hankali. Na fi minti goma a haka, sauro na cizo, duhu ya rufe. Can sai na ji jikinsa ya yi tauri, fikafikansa suka miƙe, ya buga wutsiya sau ɗaya ya jiƙa mini fuska ya nutse.

Washegari na kira kawuna a Yawuri, wanda ya koya mini ɗaura ƙugiya ina ɗan shekara bakwai. Na tura masa hoton. Ya ce, "Masha Allah, ɗana, wannan ai ya ishi gida. Me aka yi da shi, farfesu?" Na ce, "Kawu, sakinsa na yi." Ya yi shiru, sannan ya ce in sake faɗa. Na yi masa bayani cewa dokar kogi a nan ba ta yarda ka tafi da babba ba, ƙanana ne kawai waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, guda 15 a yini, su ma sai mai wurin ya yarda, kuma yawancin ƙungiyoyi ba sa yarda ko ɗaya. Ya ce to wahalar ta mece ce? Ban iya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi da su yake ciyar da mutum goma sha. Amma da ya ce mini giwan ruwa irin na zamanin ƙuruciyarsu yanzu sai a shekara ba a ga ɗaya ba, mun daɗe a kan wannan maganar.

Makonni biyu bayan haka zafin nan na 2022 ya sauka. Ranar 19 ga Yuli aka auna digiri 40.3 a Coningsby, nan maƙwabtanmu a Lincolnshire, abin da ba a taɓa gani ba a Birtaniya. Na je sayen koto a makon, na tarar ya rubuta zafin ruwan kogin da alli a allon bakin ƙofa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya ce ƙungiyoyi da dama sun dakatar da kamun barbal, shi ma ya daina yanka tikiti har sai an yi ruwan sama. Wani saurayi ya yi ta yi masa gardama cewa doka ba ta hana ba. Ya ce gaskiya ne, doka ba ta hana ba, amma ba daga hannunsa ba. Tsakiyar kakar cinikinsa ke nan.

Birim kuwa da ɗana na fi kama shi. Yaron yana da shekara 13 yanzu, lasisinsa kyauta ne muddin bai wuce shekara 16 ba, amma dole a yi masa rajista. Don shi dattijon ya haɗa mana wani gari mai zaƙi, launin ƙasa, ya nuna masa yadda ake jiƙa shi kaɗan-kaɗan a bar shi ya sha ruwa, har in ka dunƙula ya riƙe, in ka murza ya watse. Ya aike mu wani lungu mai zurfi sama da madatsa, ya ce mu isa kafin gari ya waye. Asuba a watan Yuni tana yi tun wajen ƙarfe uku, don haka daga sallah muka kama hanya. Cin birim ba irin na barbal ba ne. Bakin sanda yakan ɗan girgiza, ya saki, sannan ya lanƙwasa a hankali kamar mai jan guga. Ba ya faɗa sosai, nauyi ne kawai. Amma in garken ya sauka a gabanka, ɗaya bayan ɗaya ne. Mun kama tara a safiya guda, tsakanin laba 4 zuwa 6, yaron yana ta cewa, "Abba, ga wani, Abba, ga wani," rigarsa duk yauƙi har wuya. Masu neman barbal da yawa suna raina birim, suna jin haushi in ya ci musu koto. Ni ban raina shi ba, shi ya sa ɗana ya so kogi.

To, laifin shagon. Na farko tsada. Zare da ƙugiya da keji duk sun fi na intanet, wani lokaci da kashi ɗaya cikin biyar, kuma keji abu ne da duwatsun Trent ke cinyewa, a fita guda kana iya rasa uku. Na biyu lokacin buɗewa, wanda shi ya fi ci mini rai. Ba ya buɗewa sai takwas na safe, ranar Lahadi kuma sha biyu ya rufe. A bazara, takwas na safe an riga an gama cin kasuwar birim. Dole ka sayi tsutsa tun jiya ka ajiye, kuma ajiye tsutsa a firjin gida magana ce da sai an yi zaman sulhu, har sai da na sayi ɗan ƙaramin firji na sa a gareji. Sau ɗaya, wata Litinin, yaron da ke taya shi ya auna mini tsutsar da ta kwana biyu, rabinta ta riga ta zama ƙwanso kafin in isa ruwa. Da na faɗa, an musanya mini ba gardama, amma safiyar ta riga ta tafi. Sannan lokacin da bakin sandata ya karye a ƙofar mota, laifina ne, sai da na yi mako biyar ina jiran sabon baki, don shi ba ya oda sai kaya sun taru. Mako biyar a kakar da ba ta da tsawo ba ƙaramin abu ba ne. Ya ba ni aron tsohuwar sandarsa a mako na uku, da ya yi tun farko da ban kawo maganar nan ba. Wurin ajiye mota kuma babu, sai ka zagaya bayan coci.

Duk da haka can nake zuwa, kuma duk ɗan'uwan da ke wannan yanki da ya tambaye ni can nake kai shi da kaina. Zare da keji na yau da kullum wani lokaci nakan saya a intanet, ban ɓoye masa ba. Amma koto da tikiti da duk abin da ke buƙatar a tambayi wanda ya san ruwa, wajensa ne. Mutumin ya fi shekara hamsin a bakin Trent. Yakan ba ni labarin lokacin da tashoshin wutar kwal ke jere a gaɓar kogin suna sako ruwa mai ɗumi, kogin a gurɓace amma cike da ƙananan kifi, ana zuwa gasa motoci-motoci daga Sheffield. Ta ƙarshensu, Ratcliffe, an rufe ta a ƙarshen Satumban 2024, hasumiyoyinta na nan ana hango su daga hanya. Yanzu ruwan ya yi haske, ƙananan sun ragu a inda ya saba ganinsu, barbal kuma ya yi girman da bai taɓa zato ba. Ya ce akwai gonar kifi ta hukuma a Calverton, nan kusa, inda ake ƙyanƙyasar barbal ana zubawa a kogunan ƙasar, ya yi mini alkawarin in an buɗe ta ga baƙi zai gaya mini.

A watan Mayun bana na leƙa don in canza zare kafin a buɗe kogi. Na tarar gwiwa ta matsa masa, yana zaune a kujera, yaron ne ke hawa tsani. Ya jawo littafinsa na oda ya buɗe shafin 15 ga Yuni, inda masu son tsutsar daren buɗe kogi ke sa suna. Nawa na nan tun kafin in zo, da awo biyu na ja da fari a gauraye, a gefe kuma ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: ban da nama.